Ranar da Muka Leƙa Kunnen Shawa

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke wajen Malikanchi, sai takarda ta zo daga ofishin shiyya. Ni ne malamin ilimin halittu, ni ne kuma na lissafi duk ranar da mai lissafin ya wuce gona. Shugaban makarantarmu dattijo ne mai son tsari, ko kujera ba a gusarwa a ofishinsa sai da izininsa. Ya aiko a kira ni, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da gajiya da zafi, sannan ya miƙo mini takardar da hannu biyu.

Abin da ke ciki shi ne, masu duba makarantu za su zo ranar Litinin ta sama, kuma suna so su ga darasi na gani da ido. Har abin da za a koyar an rubuto: tsari da aikin gaɓar da kifin bakin teku ke numfashi da ita, yadda ake ganinta a madubin likita, wato na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa.

Na karanta sau biyu. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan garinmu idan damina ta yi albarka. Wanda ya rubuta takardar nan, ina jin ta tagar ofishinsa yake hango jiragen ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kifi dai a nema. Amma muna da na'urar kuwa?"

Ya gyara zama ya ce, "Muna da ita mana. Kashi ɗaya cikin uku."

Ya buɗe kabad ya ɗauko wani abu naɗe da tawul, ya warware a hankali. Gangar jikin na'urar ce, baƙa, tana ƙyalli, ba ko ƙwarzane. Sai dai saman bututun a buɗe yake, ba gilashin da ake kanga ido, ƙasa kuma ba ɗan madubin da ke tara haske.

A nan na ji tarihin. Shekarun baya wani mai hali ya ba da kyautar na'ura guda ga makarantu uku, tamu da wata a Makarfi da wata a Kudan, ya ce a riƙa karɓa-karɓa. Shugabannin suka yi zama uku ba su daidaita kan wanda zai fara ba. A zama na huɗu sai wani ya lura ashe ana kwance ta. Namu, da yake shi ne babba, ya ɗauki gangar jiki. Ta Makarfi ta ɗauki idon sama. Na Kudan ya tafi da madubi. Aka yi addu'a aka watse, kowa na ganin ya yi nasara, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa ganin ko ƙafar ƙuda da ita.

Ya ce, "Gobe Alhamis ka je ka aro sauran. Amma a cinya za ka riƙe ta, kada ka ba kwandasta. Kifin kuma ka tabbata na bakin teku ne, ban da na tsakiya. Haka takarda ta ce."

Da sassafe na isa kasuwar Ikara da na'ura a rungume kamar mai kai jariri asibiti. Akwai wata dattijuwa Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, mai shagon kifin ƙanƙara. Ta fi shekara talatin a garin, Hausarta ta fi tawa gishiri, kowa kuma Mama yake ce mata. Na gaishe ta, na yi mata bayani. Da na rasa sunan da zan kira gaɓar da Hausa, sai na nuna gefen kumatuna.

Ta ce, "Au, kunnen kifi kake nufi." Ta zaro kifin shawa guda daga kwali, ta sa babban yatsa ta ɗaga murfin da ke gefen kanta. Ga abin nan ja, jere kamar haƙoran mataji. "Wannan ai kyanwa nake zubar wa. Idan ja ne, kifi na da lafiya. Idan ya koma ruwan ƙasa, kai ma ka koma gida. Me kuma za a gani a ciki?"

Na ce ba ji yake da shi ba, numfashi yake yi. Ta ce ita dai kunne ta taso ta ji ana cewa, kuma ba a taɓa samun kifin da ya musa ba.

Sai na yi tambayar shugaba, ina jin kunya: "Mama, don Allah wannan na bakin teku ne ko na tsakiya?"

Ta dube ni, ta dubi abin da ke cikin tawul. Ta ce, "Malam, duk kifin da ka gani a Ikara, ta bakin teku aka fito da shi. Ko akwai wata ƙofar?"

Na rubuta wannan amsa a bayan takarda don in kai wa shugaba. Daga baya na duba littafi na ga shawa dama ba ta nisa da gaɓar teku, amma amsar Mama ce ta fi gamsar da shi.

Bazara ce, rana tun ƙarfe tara ta fara cizo. Kifi ba zai kai azahar a leda ba. Mama na da wata shuɗiyar kula mai riƙe sanyi, na roƙi aro. Ta ce kular nan ba ta taɓa kwana a hannun wani ba, kuma malamin da ya zo yana tambayar unguwar da kifi ya fito ba shi za ta fara ba wa ba. Ta zuba shawa uku da ƙanƙara, ta bar wa maƙwabciyarta shago, ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je. Haka muka shiga bas ɗin Makarfi, ita da kula a cinya, ni da na'ura a cinya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta leƙa tawul ta ce Allah ya raya. Na ce amin, don bayanin ya fi ƙarfina.

Shugabar makarantar Makarfi wata Hajiya ce mai fara'a da saurin magana. Mun same ta a baranda, ta riƙe hannun wata ɗaliba, ta kanga wani ɗan gilashi a ido tana cire mata sartsen rake da allura. Ban buƙaci a gaya mini ba, idon na'urarmu ne. Ta juya shi kai ƙasa, ya zama abin duba sartse, kuma a garin da kowa ke ɓare rake da hannu, aiki bai taɓa yanke masa ba.

Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo mu. Ta ce, "Ayya, ɗana, da ka zo neman mota da na ba ka. Wannan kuwa ba ya barin jakata. Na san shugabanku. In ya shiga kabad ɗin nan nasa, sai dai jikokina su gani."

Na ce to yaya za a yi? Ta ce inda ido ya je, nan mai ido za ta. Ta jefa shi a jaka, ta ɗauko makullin motarta. Kafin mu tashi Mama ta buɗe kula ta duba, ta ce ƙanƙara ta fara zama ruwa, a daina dogon gaishe-gaishe.

A hanyar Kudan motar ta mutu sau biyu. Duk lokacin da na fita turi sai in miƙa wa Mama na'ura, ita kuma ta ɗora kula a kan kujerata, in na dawo in zauna a jiƙe. Shugabanmu ya yi ta kira a waya yana tambaya ko na'urar tana cinya. Da na gaya masa Hajiya na tare da mu, kuma Kudan muka nufa, sai ya ce, "Su biyu za su haɗu ke nan, ban da ni?" Ya kashe waya.

Shugaban makarantar Kudan dogo ne, mai gashin baki wanda ka gani ka san ana kula da shi. Ɗan madubin yana kan teburinsa, an kafa shi a jikin kwalbar tawada, ga ƙaramin almakashi a gefe. Fuska biyu gare shi, ɗaya shafaffiya, ɗaya mai ɗan zurfi da ke ƙara girman abu, kuma mai zurfin ce ke kallon kujerarsa.

Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Malam, yarjejeniya ta ce madubi ba zai fita ƙofar makarantar nan ba." Ya shafa gashin baki. "Amma ba ta ce 'yan'uwansa ba za su kawo masa ziyara ba."

Aka fito da tebur aka ajiye a bakin inuwar wata darbejiya, inda rana za ta sami madubi ba ta same mu ba. Na sa ido a bututu, ya shige daidai. Na maƙala madubi, ya zauna. Shekara da shekaru rabonsu da juna, amma ko gardama ba su yi ba. Sai a lokacin na tuna ba mu da ɗan fallen gilashin da ake ɗora abu a kai. Wannan kam ba a san wanda ya tafi da shi ba a ranar rabo. Na ɓare gilashin da ke kare fuskar wayata, na wanke, ya zama shi.

Mama ta fiddo shawa guda, ta zare kunnen da yatsa ɗaya, ta ajiye a murfin kula. Daidai nan aka kira azahar. Muka tafi masallacin makaranta, Hajiya ta shiga ofis ta yi tata, aka bar Mama da gadi. Da muka dawo muka tarar da ita tana bin wata kaza da takalmi a hannu. Ta tsare na'ura, ta tsare kula, kazar ta zagayo ta ƙarƙashin tebur ta yi gaba da darasina. Aka fiddo shawa ta biyu.

Na sa reza na yanko sili ɗaya daga cikin jajayen silin, siriri kamar zare, na ɗora a gilashi, na ɗiga ruwa. Ɗalibai sun fito sun kewaye mu. Na juya madubi har haske ya cika bututun, na kanga ido. Rabona da leƙa irin wannan na'ura tun ina kwaleji, inda mu arba'in muke layi a kan guda ɗaya.

Na ga wasu baƙaƙen sanduna masu kauri, sun lanƙwasa, suna motsi. Don murna na ɗaga murya na fara bayani, cewa ga su nan, har yanzu da sauran rai a jikinsu. Na yi kusan minti biyu ina zuba. Hajiya, wadda ta fi kowa sanin halin gilashin nan, ta dafa kafaɗar kujerata ta ce a hankali, "Ɗana, gashin idonka ne. Matsa kusa."

Na matsa. Na murɗa abin daidaitawa sannu sannu. Wani jan hazo ya taso, ya tattaru, sai ga shi ya fito sarai.

Silin nan da ido ke gani kamar zare, ashe reshe ne. A kowane gefe nasa ga wasu 'yan faya-fayai jere, ɗaya na bin ɗaya, kamar shafukan littafin da aka buɗe aka tsayar. Ba su ƙirguwa. Kowanne siriri ne har haske na ratsa shi, launinsa ja mai haske kamar an tsoma yadi a zoɓo an tsame. A tsakiyar reshen wani jan layi ya miƙe, hanyar jini ke nan. Sanyin ƙanƙara ya ɓata wasu, sun karye sun kwanta, amma inda suka tsira, jerin ya fi na kowane masaƙi da na sani. Shekara biyu ina zana abin nan a allo daga littafi, ina sa yara su haddace, ashe ban taɓa yarda da shi har zuciya ba sai ranar.

Na daɗe ban ɗago ba, har Mama ta ce, "Malam, kifin nawa ne fa."

Na tashi ta zauna. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta leƙa. Can ta ce, "Yesu." Ta ɗago ta dubi ɗan zaren da ke kan gilashi, ta sake leƙawa. "Duk wannan a cikin abin da nake ba kyanwa?"

Ba ta tashi daga kujerar ba ta fara yi mini tambayoyi, ni kuma na amsa, ɗalibai na ji. Darasin da ya fi kowanne daɗi a rayuwata ke nan, kuma ba ɗalibina ko ɗaya a wurin.

Na ce kifi na buɗe baki ya ɗebi ruwa, ya rufe, ya tura shi ta tsakanin faya-fayan nan ya fita ta murfin gefe. A cikin ruwa akwai iskar oksijin, amma kaɗan ce, ba kamar a sarari ba. Shi ya sa faya-fayan suka yi yawa haka, don ruwa ya sami wurin taɓawa, suka kuma yi siranta don iskar ta ratsa ta shiga jini ba wahala, gurɓatacciyar da jiki ya gama da ita ta fita ta nan.

Na ce akwai wata dabara kuma. Ruwa na bi ta wannan fuska, jini a cikin faifan na bi ta kishiyarta. Mama ta ce don me? Na rasa misali, sai na hango amalanken rake na wucewa a titi. Na ce, in kina roƙon rake kika bi amalanke ɗaya kuna tafiya tare, abin da mai shi zai ba ki kaɗan ne, ya gaji da ke. In kuwa kika fuskanci masu tahowa, kowane taku sabon amalanke za ki tarar, cike. Haka jinin yake, ko'ina ya kai yana gamuwa da ruwan da ya fi shi iska.

Ta ce, "To in iska ta fi yawa a waje, me ke kashe shi in an fito da shi?"

Wannan na nuna mata da ido. Na jefa ragowar kunnen a kofin ruwa, silin suka baje kamar gashin tsuntsu. Na tsamo shi, suka manne suka zama tsoka guda. Na ce haka faya-fayan ke yi, kamar littafin da ruwa ya jiƙa. Iska ga ta ko'ina, amma ba ta da ta inda za ta shiga.

Na ƙara da cewa kifin teku ruwan gishiri yake sha, kuma a gindin faya-fayan akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu kawai fitar da gishirin. Na faɗa musu gaskiya cewa waɗannan ba mu gan su ba, sai an rina naman da wani magani da ba mu da shi. Shugaban Kudan ya ce shi kamar ya hango ɗaya. Mama kuwa ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Kullum ina mamaki, abu ya kwana ya tashi a cikin gishiri, amma in ban barbaɗa masa ba, salam."

Ana cikin layin leƙe sai ga ɗan acaba ya shigo da gudu, shugabanmu a baya, hula a hannu. Tun daga Malikanchi ya taho. Bai ko gama gaisawa ba ya dubi na'urarsa a haɗe da kayan mutane. Aka ba shi kujera ya leƙa. Ya daɗe. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce rana ce.

Sai aka zo maganar kwancewa, nan fa aka tsaya. Ba mai son a sake raba ta, ba kuma mai yarda ta kwana a makarantar wani. Namu ya ce shi ke da kaso mafi nauyi. Hajiya ta ce jiki ba ido ai gawa ne. Na Kudan ya ce yarjejeniya ta hana madubi fita, Hajiya ta ce ya kawo takardar a gani, ya ce ta baki ce. Aka kai la'asar ana abu ɗaya. Mama ta zubar da ruwan kula, ta ce ita za ta tafi, shawarta ta uku ta fara wari.

Hajiya ta bi ta da kallo ta ce, "Ga wadda ba ta da makaranta."

Kowa ya auna ya ga in an ba Mama, shi dai bai samu ba, amma sauran biyun ma ba su samu ba. Nan take aka amince. Na Kudan ya kafa sharaɗi cewa ba Ikara aka ba ba, Mama aka ba, zamanta a Ikara kuwa tsautsayi ne. Mama ta ce ita ma tana da sharaɗi: duk mai son leƙe ya zo da safe kafin ciniki ya buɗe, kuma kada a taɓa mata firiza.

Ranar Litinin mutum ɗaya ne ya zo daga cikin masu duba makarantun, wani mai ƙiba da jaka a hammata. Shugaba ya tarbe shi, ya ce ɗakin gwaje-gwajenmu yana ɗan nesa kaɗan. Muka ɗebi 'yan aji a bas biyu, baƙo a gaba, sai kasuwar Ikara. Aka ajiye masa kwalin kifi ya zauna tsakanin mai tattasai da mai manja. Na yi darasina, yara suka yi layi suna leƙawa, Mama na tsawata wa masu turereniya, tana gyara mini inda na yi sauri. Masu cefane suka shiga layin su ma, wani mahauci ya koma baya ya sake bi sau biyu.

Baƙon ya leƙa na ƙarshe. Ya cire tabarau ya leƙa, ya mayar ya sake leƙawa. Ya buɗe fom ɗinsa, ya daɗe yana kallon gurbin da aka ce a rubuta yanayin ɗakin gwaji, sannan ya rubuta cewa akwai wadatar iska da kayan aiki sabbi fil.

Da zai tafi ya sayi shawa huɗu, ya ce kada a cire kunnen, yana so ya nuna wa yaransa. Mama ta naɗe masa uku a gyare, ɗaya da kunnenta, ta ce ya gaya wa uwargida ta cire kafin ta sa a tukunya, in ba haka ba miya za ta yi ɗaci a ce kifin Ikara ne ba kyau. Ya ce to, Mama. Muka raka shi tasha, leda na ɗiga a kan takalminsa.